Gonar Mutumin Gwanja

A bayan garin Kusada muna da wata gona da ta haura shekara arba'in ba a raba ta ba. Ba wata ƙatuwar gona ba ce, magadan ma ba su yi yawan da za su gagari lissafi ba. Mutum ɗaya ne ya hana rabon, shi ma ba ya nan.

Wan kakana ne. A 1957, bayan an sayar da gyaɗa, mahaifinsu ya haɗa masa kuɗin amfanin shekarar da na bijimai biyu, ya ce ya tafi Gwanja ya saro goro. Ya hau babbar mota ya tafi. Wasiƙa ɗaya ya aiko, da ajami, daga Salaga. Daga nan shiru kake ji. A gidanmu ba a ambatar sunansa, sai dai a ce Mutumin Gwanja.

Duk ranar da aka tayar da maganar rabo, ƙanwarsa ce ke tsayawa kai da fata. Ita kaɗai ta rage a cikin ɗakinsu, mu jikoki Kaka muke ce mata. Malamai sun gaya mata cewa shekarun da shari'a ta ɗibar wa wanda ya ɓace sun wuce tuntuni. Ta ce ta ji, amma wa ya ce masu bai haihu ba? "In ya mutu ai bai mutu da ɗiyansa ba. Ni ba za a ci haƙƙin maraya da raina ba." A ƙarshen 2017 maganar ta yi tsami har baffannina biyu suka daina gaisawa, ɗaya yana son a sayar ya aurar da 'yarsa, ɗaya yana bayan Kaka. A nan ne na ce ni zan je in nemo shi, ko in nemo kabarinsa.

Aka yi ta sa mini albarka, ana cewa zumunta a ƙafa take. Ba wanda ya san cewa gudu nake yi.

Ilimin kwamfuta na karanta a jami'a, sana'ata rubuta manhaja. A 2016 mahaifina ya sayar da filinsa a Kankiya ya ba ni kuɗin, na buɗe wani ɗan kamfani a Abuja. Kafin shekara ɗaya da rabi kamfanin ya mutu, kuɗin ya bi shi. Na dawo gida da kwamfutata a jaka, na ce aikin ne ya koma ta intanet. Kullum da safe in na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Ya kasuwa?" In ce, "Alhamdu lillahi." Wata biyar ina wannan alhamdu lillahin, har ta fara shaƙe ni. Da tafiya ta samu, ban tsaya shawara da kowa ba.

Motata Starlet ce 'yar Kwatano, mai ƙofa biyu, yaran unguwa na ce mata kwalin ashana. Na kai ta wurin bakanike ya duba birki da lagireto, na sayi taya biyu na ajiya da jarka. Na haɗa takardu: fasfo, katin allurar shawara, lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da inshorar ECOWAS. Sannan na yi abin da na fi iyawa, na zauna na tsara jadawali a kwamfuta: kowace rana da kilomitocinta, da man da za a sha, da garin da za a kwana. Kusan kilomita 2,000, kwana biyar. Na sauke taswirar ƙasashe huɗu a wayata don ko babu sabis. Ta Burkina Faso ya fi sauƙi a takarda, amma na zaɓi ta Benin da Togo, saboda ta nan ne hanyar fatake ta dā ta ratsa.

Wata safiya a Janairun 2018 na je Kusada sallama. Kaka ta ciro wasiƙar daga ƙasan adakarta, a naɗe cikin tsumma. Ta dubi motar ta dube ni.

"Mijina, a wannan gwangwanin za ka Gwanja? Jakin fatake ma ya fi ta ƙiba."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ko ka same shi ko ba ka same shi ba, kai dai ka dawo. Ɗaya ya ishe mu."

Na biyo ta Gidan Mutum Ɗaya cikin hazo, ina ta mamakin yadda sunan garin ya dace da ni a ranar. Kankiya, Charanchi, Katsina, Jibiya. Kafin azahar na tsallaka Ɗan Isa, na karɓi takardar izinin shiga da mota a hannun duwan. Da la'asar ina Maraɗi.

Bakatsine ba ya jin baƙunta a Maraɗi. Can sarakunan Katsina na dā suka koma bayan jihadi, har yau kuwa sarautar garin Sarkin Katsina ake ce mata. Abin da ya fara nuna mini cewa na bar gida shi ne kuɗi. Mai shayi ya ce mini dala ashirin, na miƙa masa abin da nake zaton ya isa, ya yi ta kallona. A Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin kuwa sefa 100. Ni mai digiri a lissafin kwamfuta, sai da yaron shago ya zaunar da ni ya koya mini ƙirga. A nan kuma wani direba ya leƙa lambar injin motata ya ce tabbas ta wannan hanyar aka shigo da ita, daga Kwatano ta Parakou da Gaya zuwa Maraɗi. "Gida za ka mai da ta," in ji shi.

Daga Maraɗi hanya ta miƙe yamma: Gidan Rumji, Madawa, Galmi mai albasa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi. Ranar farko kaɗaici daɗi gare shi. Ba mai tambayarka ya kasuwa. Ka tsaya inda ka so, ka shimfiɗa darduma a gindin aduwa, ka yi sallarka. Amma ƙaramar mota ɗaki ne da ba shi da wurin ɓuya. Da rediyo ya fara shashsheka bayan Dogon Dutsi, na kashe shi, sai ya rage daga ni sai ƙarar inji sai abin da na gudo dominsa. Na lissafa kuɗin filin ya fi sau ɗari tsakanin nan da Dosso. Na tsara ƙarya iri-iri da zan yi in asiri ya tonu. Wata tirela ta wuce ni, iskarta ta kusa jefa kwalin ashana cikin rami, na ga cewa in na mutu a nan, da ƙarya a bakina zan mutu.

A Dosso Hausa ta fara ja da baya, Zabarmanci ya karɓi kasuwa. A Gaya na hau gadar Kwara na sauka Malanville, ƙasar Benin, inda ake sayar da man Najeriya a kwalabe a bakin titi. Jadawalina ya fara rushewa tun a nan. Bai san da shingaye ba. A wani shinge, ba sai na faɗi ƙasar ba, an riƙe ni awa uku a kan wata takarda da ba ta cikin jerin da na tsara. Ina ta kawo hujja da ɗan Faransancin da na haddace a waya, har wani tsohon direban tirela, Ba'adare, ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, nan ba kotu ba ce. Gaishe su za ka yi tukuna." Ya shiga ya yi magana ta minti biyar, aka miƙo mini makullina. Bai karɓi ko kwabo ba. Ya ce in biyo bayan motarsa har Kandi, kada in yi tafiyar dare ni kaɗai.

A Djougou, garin da fatakenmu ke kira Zugu, na fara jin nauyin hanyar da nake kai. Kafin jirgin ƙasa da mota, ayari kan tashi daga ƙasar Hausa da ɗaruruwan jakuna, madugu a gaba wajen yanke shawara, jagaba na duba hanya. Su kai kanwa da fatu da tufafi, su dawo da goro daga kurmin Asante. Tafiya ce ta watanni. Duk inda suka saba yada zango sai gari ya tsiro, shi ya sa har yau daga Benin zuwa Gana unguwar baƙi Musulmi zango ake ce mata. Abin da na ratsa cikin kwana uku ina ƙorafin ciwon baya, su a ƙafa suka taka shi.

Bayan Kara, a ƙasar Togo, kwalta ta fara yankewa. Dab da iyakar Gana, a wata hanyar burji mai gargada, na ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashina. Salansa ce ta ɓalle tana jan ƙasa. Laifina ne, gudu nake yi don in cika lissafin ranar. Na ɗaure ta da waya na lallaɓa zuwa wani ƙauye, magariba ta kawo jiki, waya ba sabis, taswira na nuna ni a tsakiyar fili fari. Na yi wa mutane Hausa, na yi Turanci, na yi guntun Faransanci, ba wanda ya gane. Can wani yaro ya kama hannun rigata ya ja ni har gaban wata tukuba mai hayaƙi. Mai tsiren ya ɗago kai ya ce, "Sannu da zuwa. Daga wace ƙasa?"

Bagobiri ne, ya shekara ashirin a nan. Ya kai ni wurin mai walda, ya ba ni tabarma a ɗakinsa, ya hana ni biyan kuɗin nama. Da na ba shi labarin abin da ya kawo ni, ya ce shi bai san Salaga ba, amma ya san wani mahauci a Yendi. Ya rubuta mini lambarsa a bayan kwalin shayi. Na Yendi shi ma bai san kowa a gidan da nake nema ba, amma ya san wani ladan a Salaga.

A cikin motar na yi ta dariya ni kaɗai, don na gane tsarin. Haka saƙo ke tafiya a intanet: babu na'urar da ta san hanya tun daga farko har ƙarshe, kowace dai ta san wadda za ta miƙa wa. Mun zaci mu muka ƙirƙiro abin. Ashe mahauta da ladanai sun daɗe suna gudanar da shi. Daga ranar ban sake buɗe jadawalin ba. In na shiga gari, hayaƙin tsire nake nema ko hasumiyar masallaci.

Salaga ta ba ni mamaki da ƙanƙantarta. Garin da sunansa ya cika bakin kakanninmu, yau shiru ne, sai tsofaffin rijiyoyi birjik. A dā babbar kasuwa ce ta goro, kuma ta bayi, wannan ma gaskiya ce da ba a cika faɗa mana ba. Yaƙin basasar 1892 ne ya watsa ta. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya koma Kete Krachi ya rasu a can a 1934. Ke nan ko a lokacin da Mutumin Gwanja ya iso, ya tarar da kasuwar da ake ba shi labari ta riga ta ci ta watse.

Ladan ya kai ni wurin wani dattijo da ya karanta wasiƙar ba tare da gilashi ba. Ya gane gidan da aka ambata. A gidan muka sami wani tsoho wanda yana yaro lokacin. Ya ce ƙwarai, an yi wani Bakatsine a zaurensu. Ya gangara kudu ya saro goro, amma bai san sirrinsa ba. Goro ɗan lele ne: a naɗe shi cikin ganye, a riƙa buɗe huhun ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ya shafa wa sauran. Shi kuwa manomin gyaɗa ne. Kafin ya dawo Salaga rabin kayan ya lalace, sauran ya tafi a bashi. Ya zauna yana dako, daga baya ya koma Yeji.

Daga Makango na sa motar a jirgin fito, tana tsugune tsakanin manyan motocin doya kamar ɗan tsako cikin shanu. Tafkin Volta ne, wanda ya samu bayan an gama madatsar Akosombo a 1965. A Yeji na kwana biyu ina bin masu kifi da masu gishiri, har aka haɗa ni da wani tsohon mai gadi da ya ce sun yi aiki tare. Ya ce rabonsa da shi tun shekarar kora. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana, mutanenmu da yawa suka dawo gida a lokacin. Shi bai bi su ba. An ce ya shige gonakin Ejura.

Ejura garin masara ne da doya, a kan hanyar Kumasi. Ranar ta goma sha ɗaya da barina gida, da sassafe, wani almajirin limamin zango ya nuna mini wata mata mai kimanin shekara hamsin tana sayar da koko da ƙosai. Tun daga nesa na ga goshin Kaka. Na yi sallama, na ce daga Najeriya nake, daga wani gari da ake kira Kusada.

Ba ta ce komai ba. Ta gama zuba wa wanda ke gabanta, ta ba shi canji, ta kira 'yarta ta karɓi ludayin. Sannan ta ce, "Sake faɗi."

Na sake faɗi.

"Ashe gari ne da gaske," in ji ta.

Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji. "Uwana ya rasu," ta ce, "Baba ma ya rasu, 1994." Su biyu ya bari, ita da ƙanenta da ke tuƙa mota a Kumasi. Da na tambayi sunanta, sai na ji sunan Kaka. Na ce mata Goggo, ta rufe fuska da mayafi.

A gida ta ciro wani gwangwanin madara. Cike yake da tsofaffin takardun kuɗin Gana da aka daina karɓa. Ta ce tun tana yarinya yake tarawa, wai kuɗin bijimai biyu. Ya fara tari da fam, a 1965 aka koma sidi, daga baya tsadar kaya ta riƙa cinye abin da ya tara kafin ya kai. A shekarar kora har ya ɗaure kayansa, ya je tasha, ya dawo. Ya ce da wane ido zai kalli mahaifinsa hannu rabbana?

Da yamma na kira wani ƙanena a Kusada ta WhatsApp, ya kai wa Kaka wayar. Matan biyu suka kalli juna ta cikin gilashi, ba mai magana. Can Kaka ta yi tambaya uku: yaushe ya rasu, an yi masa sallah, ya bar bashi? Aka ba ta amsa. Na ɗaga gwangwanin na nuna mata, na gaya mata ko na mene ne. Na zaci kuka za ta yi. Faɗa ta kama.

"Bijimai biyu! Saboda bijimai biyu? Baba ko shekara ba a yi ba ya daina zancensu. Har ya bar duniya, in an ji ƙarar mota sai ya aiki yaro ya dubo. Wa ya tambaye shi kuɗi? Shi muke so!"

Sai a nan muryarta ta karye. Ni kuwa na miƙa wa Goggo wayar na fita waje, na shiga mota na rufe ƙofa, don ba da shi kaɗai take ba.

Kumasi na nan ƙasa da tafiyar awa uku, ban je ba. Kwana bakwai na yi a hanyar dawowa, ina sauka a hannun mutanen da suka miƙa ni. Bagobirin ya ji labari ya ce, "Irinsa suna da yawa a nan. Ba talauci ke hana mu komawa ba, kunya ce." Bai ce har da shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Na iso Kankiya bayan isha'i. Ban sauke kaya ba na sami mahaifina a zaure, na durƙusa na gaya masa komai, da adadin kuɗin, da watan da kamfanin ya rufe. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce ya ji tun kafin azumi, daga bakin wani da ya je Abuja. "Kuɗin ya yi mini ciwo," in ji shi, "ba zan ɓoye maka ba. Amma gaisuwar da kake yi mini kowace safiya ta fi ciwo." Bai ce ya yafe kuɗin ba, ni ma ban roƙa ba. Har yanzu ina biya duk wata, saura kaɗan.

An raba gonar kafin damina. Kason Mutumin Gwanja ya faɗa ɓangaren da kukar take, 'ya'yansa suka ce kada a sayar. Baffana ke nomawa, in an yi girbi a aika musu da kuɗinsu. Baffannin nan biyu sun koma gaisawa, ko da yake ba kamar dā ba. Mun sa rana Goggo za ta zo ta ga takwararta, sai Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, korona ta biyo baya. Kaka ta rasu a 2020, ba su taɓa haɗuwa ba sai ta waya.

Hanyar ma ba ta nan yadda na bar ta. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 an rufe gadar da na hau tsakanin Gaya da Malanville, a Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. In matasa sun tambaye ni ko su ma su gwada, nakan ce su fara tambayar direbobin da suka dawo jiya, kada su dogara da labarin 2018.

Ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A gidanmu dai ban ga haka ba. An ajiye wa mutum gona shekara sittin, an ɓata da juna a kanta, shi yana can yana tara kuɗin da ba wanda ya bi shi. Goggo ta ba ni takarda ɗaya daga cikin gwangwanin, tana nan a ƙarƙashin kwamfutata. Ba ta sayen ko ƙosai ɗaya. Ran da aiki ya lalace mini, na ji ina so in yi shiru in ce alhamdu lillahi, ita nake dubawa, sannan in ɗauki waya in kira gida.